Ya'u Rapor da Perimetinsa

Zakariya'u mai kai ƙara ne tun yana yaro, kuma bai taɓa ɓoye wa kowa ba. Sauran masu irin wannan hali sukan jira ka juya baya. Shi kuwa sai ya tsaya a gabanka, ya gyara zaman hularsa, ya ce, "Zan je in faɗi abin da ka yi. Ko za mu tafi tare?" Ya kai ƙarar uwarsa wurin ubansa a kan tana ƙara wa nonon sayarwa ruwa. Ya kai ƙarar ubansa wurin liman a kan yana taƙaita alwala in ana sanyi. Ni ma ya kai ƙarata ba iyaka, domin taubashina ne. Uwarsa ƙanwar babana ce. Gida ɗaya muka yi ƙuruciya a Tsibiri, kafin a kawo ni lakwal, wato makarantar boko, a Maradi, shi kuma noma da aure su kai shi Jiratawa. Ya'u muke ce masa. Sunan Rapor, wato rahoto da Faransanci, daga baya ya manne masa, kuma ni na jawo.

Da na gama kwalej na koyi buga keken rubutu, na yi ta buga takardun mutane har furfura ta fito mini. A shekarar 2001 ina aiki a wani ƙaramin biro, wato ofis, da wani shirin ruwa ya buɗe a Maradi, ɗaki biyu da baranda, a bayan kasuwa. Saboda haka na san yadda hukuma ke tsaron ruwa, ta gefen takarda dai. A zamanin Nasara, in ji kakarmu, masu duba tsafta ne ke shiga gida su leƙa randa, in sun ga tsutsar sauro su fasa ta. Sai mata suka koyi ɓoye tulu a ƙarƙashin gado, inda ya fi kwasar ƙazanta. Da aka samu mulkin kai aka bar fasa randuna aka shiga haƙa rijiyoyi. A 1993 aka yi dokar ruwa. Na buga ta ya fi sau goma, kuma ina jin a duk unguwarmu ta Zariya ni kaɗai na karanta ta har ƙarshe, ni ma don ba a bugawa ido rufe. A ciki an ce rijiyar da jama'a ke sha a bar mata fili a kewaye, kada a gina masai, kada a ɗaure dabba, kada a zuba shara.

Ba wanda ya tuna da wannan fili sai da maganar Tsibiri ta fito. Yara sun taso da ƙafafu a lanƙwashe da haƙora jajaye, aka yi ta zargin iska da gado, ashe ruwan foraj ne, wato rijiyar burtsatse, ruwan da ake alfahari da shi don ya fi na ko'ina haske. Abin da ya ɓata shi daga cikin dutsen ƙasa yake fitowa. Ba jaki ne ya yi fitsari ba, ba mutum ne ya zuba wani abu ba, kuma mai gadi dubu ba su iya hana shi. Amma shugaban biro ɗinmu, Mushe Kamilu, ya ce dole a yi abin da ido zai gani. Sai ya sa aka kewaye kowace foraj da ke hannun shirinmu da waya, da ƙofar ƙarfe da kwaɗo, ya ce kuma a nemo mai gadi. Akwai ɗaya a bakin garin Jiratawa, wadda unguwa guda ke sha. Na ba da sunan Ya'u. Na ce mutumin da ya yi shekara arba'in yana kai ƙara kyauta, ya kamata hukuma ta amfana da shi.

Wannan filin da ake bar wa rijiya, a Faransanci perimeti ake ce masa. A Jiratawa kuwa perimeti abu ɗaya ne tak: gonakin ban-ruwa da aka yanka wa mutane tun shekarun tamanin, sama da hekta ɗari biyar na zogale da albasa da tattasai da masara, da magudanan siminti suna ratsa su. Ko yaron goye ka tambaya ina perimeti, can zai nuna maka.

Ranar da aka ɗauki Ya'u, Mushe Kamilu ya yi masa bayani da Faransanci na rabin awa, ko da yake shi ɗan Madarumfa ne kuma da Hausa yake mafarki. Faransancin Ya'u bai wuce "wi" da "mersi" ba. Kalma ɗaya ya gane a cikin jawabin, kuma ta fito sau tara. Aka miƙa masa takarda mai hatimi da mabuɗi, muka fito baranda.

Na ce, "Ka gane abin da ya ce?"

"Sarai. An ba ni perimeti."

"Wane perimeti?"

"Perimeti nawa gare mu, ɗiyar kawu?"

"Ya'u, mita talatin ne. Wayar nan da aka kewaye foraj da ita, abin da ke cikinta shi ne aikinka. Ka zauna bakin ƙofa, in akuya ta zo ka kore ta."

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "Hassada dai, Tahira. Shekara talatin kina ƙwanƙwasa ƙarfe ba a ba ki ko akurki ba, ni kuwa daga zuwa an ba ni gari."

Na karɓi takardar na fassara masa layi-layi. Ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Da na gama ya ce, "To karanto wurin da aka ce ke ce gwamna."

A nan matsalar take. Duk abin da ya fito daga bakin taubashi wasa ne. In na ce masa mummuna, wasa ne, ko da yake gaskiya ce. In na ce rigarsa ta kama wuta, zai yi dariya sai ya ji zafi. A danginmu kaf ni kaɗai ke jin abin da takardar ta ce, kuma ni kaɗai ce ba zai yarda da maganata ba. Na koma ciki na roƙi Mushe Kamilu ya maimaita masa da Hausa. Ya ce harshen aiki Faransanci ne, kuma mai gadin da ya cika himma ya fi malalaci.

Washegari Ya'u ya fita da sanda da usur da littafi. Ya bi magudanan ruwa tun daga injin ban-ruwa na farko har inda suka ƙare, kwana uku yana tafe, ya dawo ya ce wa matarsa Atika aikin ya yi wa mutum ɗaya yawa amma ba zai ba gwamnati kunya ba. Mutumin farko da ya kama shi ne Hamidu, maƙwabcin gonarsa.

"Hamidu, jakinka ya yi fitsari cikin perimeti."

"To ka gaya masa."

"Na gaya masa. Bai nuna nadama ba. Mi sunansa?"

"Jaki."

"Ɗan wa?"

"Ɗan uwarsa, Ya'u. Matsa mini, ruwana zai wuce."

Haka ya rubuta, da ajami, domin shi karatun allo ya yi. Kowace Litinin ya hau kekensa ya zo Maradi da rapor ɗin mako. Ya kai ƙarar masu wanke tankin feshi a magudana, da matan da ke wanki a bakin inji, da makanikin da ke zubar da baƙin mai a gindin darbejiya. Ya kai ƙarar Atika a kan ruwan wanke-wanke, kuma a gabanta ya rubuta tana zuba masa tuwo. Da damina ta yi ƙarfi Gulbi ya kawo ledoji da mushen kare daga wajen iyaka, sai ya kai ƙarar Gulbi, ya ce ya yi masa gargaɗi sau biyu da usur. Wata rana ya manta ya tofar da tukar goro a magudana. Ya rubuta sunansa da na ubansa, ya ƙara da cewa mai laifin sananne ne kuma ba zai gudu ba.

A biro ba mai karanta ajami. Ni nakan iya in malami ne ya rubuta, amma rubutun Ya'u kamar kaza ta taka tawada. Mukan karɓa mu jefa a kwali. Shi kuma kafin ya tafi sai ya tsaya bakin tebur ɗina ya yi tambayarsa.

"Amsa ta zo?"

Abin da yake so ke nan a duniya. Ba ƙarin girma ba, ba yabo ba. Takarda ɗaya mai hatimi, da sunansa a kai, wadda gwamnati za ta ce ta ga abin da ya gani. Nakan ce ba ta zo ba kuma ba za ta zo ba, don ba wanda ya aika shi gonakin mutane. Yakan ce, "Allah ya shirye ki," ya tafi yana murmushi.

Mutanen Jiratawa da farko dariya suka yi masa. Sau ɗaya wani ya jefa shi cikin magudana, ya fito ya rubuta mutumin a kan jefa ƙazanta cikin ruwa. Daga baya suka gaji. Ya'u ba ya faɗa, ba ya zagi. Tsayawa yake a kanka tun hantsi har la'asar yana kallon gwangwanin maganin ƙwarin da ka yar, kuma duk wanda ya wuce sai ya gaya masa na wane ne. Sai mutane suka ga ya fi sauƙi su miƙa masa gwangwanin ya tafi. Shi kuwa ya ce shaida ce. In amsa ta zo, gwamnati za ta so ta gani da idonta. Ya shiga tara gwangwanaye da matattun batura da bido, wato jarka, ta baƙin mai da ragowar taki a buhu. Kowane ɗaya sai ya zana sunan mai shi a jiki da ƙusa, da shekarar.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi ba: magudanan sun yi tsabta. Akwai lokacin da baƙi suka zo daga Yamai suka yi ta tambaya wane shiri ne ya wayar da kan mutanen Jiratawa haka. Ba shiri ba ne. Gajiya ce.

Saura wurin ajiyar shaida. Atika ta ce in ya shigo mata da gwangwani ɗaya gida, a ranar za ta koma gidansu. Sai Ya'u ya tuna an ba shi mabuɗi. A duk hekta ɗari biyar wuri ɗaya ne mai ƙofa da kwaɗo, kuma a ganinsa gwamnati ba ta yin abu a banza. Magaza ce ta ba shi, ɗakin ajiyar kaya. Ya sayi zana ya rufe wayar kewaye don kada masu laifi su sace shaidarsu, ya shiga jibge kayan a ciki, a gindin bututun foraj. Kan pampon da mata ke ɗiba yana waje, saboda haka ba mai dalilin leƙawa. Waɗanda suka sani kuma sun ɗauka haka hukuma ta ce. Ni ban sani ba. Jiratawa sai suna ko gaisuwar mutuwa ke kai ni, kuma in na tambaye shi ina yake kai tarkacensa, yakan ce sirrin aiki ne, ba a gaya wa taubashi.

A 2006 shirin ya ƙare. Aka kwashe tebura, Mushe Kamilu ya koma Yamai, ni na ajiye aiki. Ba a rubuta wa Ya'u takardar sallama ba, don mai sa hannu shi ya fara tafiya. Abin da ake ba shi a wata ya tsaya, bai kula ba, yana da zogalensa. Na je har gida na gaya masa biro ya rufe.

Ya ce, "Gwamnati ba ta rufewa."

"Wannan ta rufe. Ni na kashe fitila."

"Ke dai aka kora, ɗiyar kawu, kina neman abokin kuka."

Ginin nan kuwa wani attajiri ya kama shi haya, Alhaji Abdulmutallib, mai shigo da taki da maganin ƙwari da tankunan feshi. Ran Litinin Ya'u ya jingine kekensa inda ya saba, ya tarar da buhuna har rufi. Bai razana ba. Takardarsa ta ce ya kai rapor wannan ƙofa, kuma ƙofar tana nan. Ya yi sallama ya miƙa wa Alhaji. Alhaji ɗan kasuwa ne na da, da ajami yake aika wa abokan cinikinsa saƙo, kuma ya saba da mugun rubutu. Ya sa tabarau ya karanta daga farko har ƙarshe. A shekara biyar shi ne mutum na farko da ya karanta Ya'u.

Ya ce, "Malam Ya'u, wanga Hamidu da ka ce ya yar da gwangwani uku, ke nan nasa ya ƙare?"

"Ya ƙare tas, Alhaji. Na girgiza su."

"Subhanallahi. Wa kuma?"

Aka kawo wa Ya'u kujera da shayi. Tun daga ranar, duk wanda Ya'u ya rubuta ran Litinin, kafin Alhamis an kai masa sabon magani har bakin gona. Manoma suka yi ta mamakin yadda Alhaji ke sanin abin da ke cikin bukkarsu. Ya'u ya lura cewa masu laifi sun ƙaru, ya bi diddigi, ya gano tushen abin. Bai ɓoye ba. Ya rubuta shafi biyu a kan Alhaji Abdulmutallib, ya miƙa wa Alhaji Abdulmutallib. Alhaji ya karanta, ya cire tabarau, ya girgiza kai.

"Wanga mutum ya kamata a yi masa magana."

"Haka na gani, Alhaji. Amsa ta zo?"

"Tana tafe, Malam Ya'u. Ka san aikin gwamnati."

Na je na sami Alhaji na ce ya ji tsoron Allah. Ya ce, "Hajiya, ni ban taɓa ce masa ni gwamnati ba ne. Kuma wa ya fi ni girmama aikinsa?" 

A 2010 aka yi sabuwar dokar ruwa, aka karanta bayaninta a rediyo da Hausa. Na yi murna, na ce yau zai ji daga bakin da ba nawa ba. Amma mai fassarar ya ce "kewayen rijiya", bai ce perimeti ba. Ya'u ya ce wannan wani aiki ne dabam, Allah ya taimaki wanda aka ba.

Haka aka tafi har bara. Ya tsufa, keke ya gagare shi, ya koma hawa ɗan sahu da littafinsa a hammata. Sai wata rana wata yarinya ta yi sallama a gidana, injiniya ce, sunanta Raihanatu. Hukuma ta aiko ta ta ƙidaya tsofaffin foraj ta ɗebi ruwansu a gwada. Ta ga sunan mai gadi a tsohuwar takardar shirinmu, ta ga harufan sunana a ƙasan takardar, aka yi mata kwatancen gidana. Tambayarta ɗaya ce, ko na san inda mabuɗin yake, in mai gadin ya rasu. Na ce mai gadin yana nan, kuma bai taɓa fashin aiki ba. Na ɗauki mayafina na shiga motarsu.

Labari ya riga mu isa. Muka tarar da Ya'u a bakin zanar cikin rigar sallarsa, mabuɗin a hannu, rabin unguwa a bayansa. Ya dubi farar motar, ya dube ni.

"Kin gani, Tahira? Kin ce ba ta zuwa."

Raihanatu ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Tashi, ɗiyata, gwamnati ba ta durƙusawa. Komai na nan, ban bar ko ɗaya ya ɓata ba." Ya buɗe kwaɗon.

Tarin ya fi tsayin mutum. Na ƙasa sun yi tsatsa sun haɗe da juna, batura sun fashe sun yi farin gari, bidoji sun tsage a rana. Damina ashirin da uku ta sauka a kansu. Ƙasar wurin baƙa ce mai maiƙo, ba ciyawa, ba ko tururuwa. Bututun foraj yana tsakiya, kansa kaɗai ake gani. Warin ya sa direba ya koma mota ya ɗaga gilashi.

Raihanatu ta kewaya tarin tana dubawa. Ta toshe hanci da gefen ɗankwalinta. Ya'u ya ɗauka mamakin aikin ne, ya ciro gwangwani ɗaya ya nuna mata. "Wanga na Hamidu ne, shekarar da aka yi fara."

Ta ce, "Baba, wa ya ce ka zuba su nan?"

"Nan ce magazar."

"Ba magaza ba ce, Baba. Nan ne perimetin."

Ya juyo ya kalle ni. "Ke kika ce ta faɗa."

Na ce, "Yau na fara ganinta."

Raihanatu ta ciro awo daga jakarta, ta kama bakinsa a jikin bututun, ta ba shi ɗaya bakin ya riƙe, ta ce ya yi ta tafiya. Ya tafi har bayansa ya taɓa waya. Ta nuna masa lambar, mita talatin. Ta karɓi takardarsa, wadda ya naɗe a leda uku, ta karanta masa da Hausa a gaban kowa, kalma-kalma kamar yadda na yi a baranda.

Ya nuna gonakin da sandarsa. "Can fa?"

"Can gonakin mutane ne, Baba."

"Wa ke tsaronsu?"

"A takarda, ba kowa."

Hamidu yana cikin taron, ya tsufa shi ma. Ya ce, "Ke nan jakina ya mutu da laifin da bai yi ba." Ba wanda ya yi dariya sai ni.

Ya'u ya zauna a kan wani bido. Can ya ce, "Ɗiyar kawu, da ma da gaske kike?"

"Shekara ashirin da uku."

"To mi ya sa kike dariya in kina faɗi?"

"Fuskarka nake gani."

Raihanatu ta ɗebi ruwa a kwalabe huɗu, ta sa aka ɗaure kan pampon da sarƙa, ta ce kada kowa ya sha sai sakamakon gwaji ya fito. Wata mata ta tambaya ko ruwan da suka riga suka sha fa. Raihanatu ta ce foraj ɗin mai zurfi ce, mai yiwuwa bai kai ba, mai yiwuwa ya kai, ba ta sani ba. Ta fi Mushe Kamilu gaskiya, shi ya sa ba wanda ya ji daɗin maganarta.

Bayan mako biyu amsa ta zo. Takarda ce mai hatimi, da sunansa cikakke a sama. Aka kawo mini in karanta masa, ya ce a'a, a nemo wanda ba taubashi ba. Malamin lakwal ɗin garin ya karanta. An ba mai gadi kwana talatin ya kwashe duk abin da ke cikin wayar, kuma pampo zai zauna a ɗaure sai an kwashe an sake gwaji. Ba a ce ga inda zai kai su ba. Ya sa aka maimaita masa wurin sunansa sau biyu. Ya shafa hatimin da yatsa, ya ce sun rubuta Zakariya'u daidai.

Matan unguwar suka koma ɗibar ruwa can wajen kasuwa, tafiyar rabin awa da bido a ka. Da gangan suke bi ta ƙofar gidansa. Atika, da ciwon gwiwarta, tana cikinsu. Ta ce masa, "Mai gida, yau ba rapor? Ga mu nan muna zubar da zufa cikin perimeti."

Ya je wurin Alhaji Abdulmutallib ko zai karɓi kayan, tunda daga shagonsa yawancinsu suka fito. Alhaji ya ce shi cikakku yake sayarwa. Samarin gari suka ce a zuba a Gulbi da damina ta tafi da su, Ya'u ya rubuta sunayensu. Na ce a haƙa rami a tudu nesa da gari a binne. Ya ce ba zai binne kayan mutane ba. Shaida amana ce, in shari'a ta watse mai abu ake mayar wa abinsa. Na ce masa mahaukaci ne. Ya ce yanzu bai san lokacin da nake wasa ba, saboda haka ya daina saurarona gaba ɗaya.

Kwana goma suka tafi a haka. Kwana tara kuma ya yi yana fito da su waje ɗaya-ɗaya, hannunsa cikin leda, yana kankare tsatsa yana karanta sunaye, yana jera na kowane gida dabam a kan tsofaffin buhuna. Layin ya kai har bakin hanya. Ba wanda ya zo. Ran Juma'a ina Jiratawa, muna zaune da Atika a zaure, masallacin yana kusa. Da aka sallame ya roƙi ladan ya ba shi lasifika, kuma muka ji shi sarai.

Ya ce, "Jama'a, ni ne Ya'u. Na yi laifi, kuma an riga an kai ƙarata, ba sai kun wahala ba. Pampo ba ya buɗewa sai wurin ya zama fili, saura kwana goma sha ɗaya. Ina roƙon kowa ya zo ya ɗauki gwangwaninsa, da sunansa a jiki. Kada a ba yara su ɗauka, kada a wanke a zuba manja. Wanda ya ce ba nasa ba ne, ina da ranar da wurin. Wanda kuma ubansa ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya zo da ƴan'uwansa su karɓi gadonsu, a raba yadda addini ya ce."